Staf Mai Tarkacen Ƙarfe da Zalɓe Uku

Tun gari bai gama wayewa ba Staf Verbruggen yake buɗe filinsa a bakin tashar jiragen ruwan Antwerp ta ƙasar Beljiyam, ya kurɓi kofi, ya hau tsince tarkacen ƙarfe kafin motar masu narkarwa ta iso. Yana da wata jaraba da ke ba direbobi haushi: farantin tagulla ba ya shiga mota sai ya tofa masa yawu ya goge da hannun riga. Ta haka ya ceci hotunan manyan da da aka sassaƙa a tagulla don bugawa a takarda, da tulin gashin kantinsu da takubbansu da tambarin gidajensu, waɗanda magada ke zubarwa in sun share gida.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Godelieve, tsohuwa mai sayar da kifi a unguwarmu. Kullum cewa take kakan kakanta babban alƙali ne, tambarin gidansu zalɓe uku da makulli. 'Yan kasuwa suka laƙaba mata Gimbiyar Kifi, muna ta yi mata dariya. Har jikokinta suka fara raɗe-raɗin ta ruɗe, a kai ta gidan tsofaffi. Abin ya ƙona mini rai.

Staf kuwa bai taɓa yi mata dariya ba, ya dai riƙe maganar. Ran nan ya goge wani baƙin faranti, sai ga hoton wani alƙali, a ƙarƙashinsa zalɓe uku da makulli.

Direba ya ce, "Staf, lodawa za ka yi ko aurensa?"

"Ja motarka, wannan ya fi ƙarfinta."

Staf ya kai farantin aka buga hoton a takarda, ya nufi kasuwa. A gabanmu ya shimfiɗa shi kan teburinta.

"Madam, ga kakanki ya zo sayen kifi."

Godelieve ta goge hannu, ta daɗe tana kallo, sannan ta ƙwala wa babban jikanta kira. "Kai Wannes! Zo ka ga inda ka samo hancin nan. In ka isa ka gaya wa alƙali na ruɗe!"

Daga ranar zancen gidan tsofaffi ya mutu murus.

Staf, kai ne mai tsamo mutunci daga bola. Yau da ka rufe filinka za ka huta, mun gode. Mu kuma da muka yi mata dariya, in tsoho ya ba mu labarin gidansu, mu daure mu saurara.