Karen Maƙwabci da Kwanon Mayonis

Ya jama'a, yau kare ya cinye min kayan baƙi, kuma ni aka zo yi wa faɗa!

An ɗauke kahraba, wato wutar lantarki, tun safe, firij ya zama akwati. Sai na ajiye kwanon mayonis ƙarƙashin randa don sanyi, na shiga yanka salak, dangin maigida na hanya daga Soba. Ina fitowa, karen maƙwabcinmu Ammu Sale ya lashe kwanon tas!

Na kore shi, ya koma gida baki duk mayonis. Sai ga Ammu Sale a guje: "Ya Hajja, me kika ba shi? In ya mutu, wa zai tsare min gareji?"

Na ce, "Ba shi na yi? Sata ya yi!"

Ya kira likitan dabbobi. Likita ya ce, "Da albasa ko tafarnuwa a ciki?" Na ce babu. Ya ce ba zai mutu ba, amma maiƙon ya yi yawa, zai iya zawo, kada a ƙara ba shi.

A ƙara?!

Baƙi sun ci salak haka nan, ni ina tsugune ina wanke kwano da ƙasa. Zawon kuwa ya zo, a ƙofar gidana ya yi shi. Ammu Sale ya leƙo ya ce, "Alhamdu lillahi, ya fita!"