Gyaran Da Na Ɓoye Sati Shida

Duk wanda ya fara kawo shawarar a riƙa biyan kuɗi kan gyaran manhajar nan, ina da magana da shi. Na san zai ce da kyakkyawar niyya ya yi. To, ya zo Damagaram ya gaya wa Yayata haka.

Manhajar ta rigakafin yara ce, irin wadda rubutunta yake a buɗe, kowa na iya karantawa. Wanda ya ga inda ta ɓaci sai ya gyara ya aika, masu kula da ita su duba su karɓa, a gode masa, shi ke nan. Gayya ce, sai dai ba ka taɓa ganin fuskar wanda ke noma kusa da kai ba. Shekara uku ina cikinta daga zauren gidanmu a unguwar Birni, in an kawo wuta in yi, in an ɗauke in yi fifita. Ba wanda ya taɓa ba ni ko tamma, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba.

Dalilin shigata kuwa Yayata ce, wadda nake bi wa. Ma'aikaciyar lafiya ce ta kwantiragi a wani ƙauye bayan Takieta. Tana hawa moto, wato babur, ta bi ƙauyuka tana yi wa yara allura, kowane yaro ta shigar da shi cikin wayar aiki. Can babu rezo, wato sabis ɗin waya, don haka wayar ke riƙe sunayen har ta fito bakin titi, sannan ta tura su ofis a Zinder, wato nan Damagaram. Kwamfutar da na fara koyo da ita ma Yaya ce ta saya mini ta hannu.

Ana nan sai masu kula da manhajar suka yi shela: sun sami masu tallafi, nan da sati shida za a fara biyan tukwici kan kowane gyara, babbar matsala babban kuɗi. Amma wanda aka aiko kafin ranar ba ya ciki. Wai mutane masu ilimi ne suka zauna suka tsara wannan! Ko yaron kasuwa ya san in ka yi shela cewa gero zai yi tsada nan da sati shida, yau ɗin nan za a rufe rumbuna. Haka kuwa aka yi. Dandalin da kullum ake ta aiko gyara ya yi tsit. Kowa sai kawo rahoton matsala yake yi, ba mai kawo magani. Na zage su a raina, na ce 'yan kwaɗayi.

Kwana kaɗan da shelar, Yaya ta zo gida ranar Asabar, ta ajiye mini wayar a kan tabarma.

"Auta, duba mini abin nan naku. Aikin kwana huɗu na yi, na fito titi ina turawa batir ya mutu. Na yi sharji, na buɗe, ba yaro ko guda. A biro kuma, can ofishinmu, sun ce ba abin da ya iso."

Na zauna da kwamfutata bayan azahar. Kafin kiran la'asar na kama ɓarawon: wayar tana share sunayen da zarar ta fara turawa, ba ta jiran ofis ya ce ya karɓa. Layi kaɗan na sauya, na gwada, na kashe wuta tsakiyar turawa, sunaye suna nan daram. Don murna har na yi kuwwa.

Daga tsakar gida Yaya ta ce, "An dace?"

Hannuna yana kan aikawa. Sai shelar nan ta faɗo mini a rai. Matsala irin wannan, mai cinye aikin mutane, ai tana cikin manya.

Na ce, "A'a, Yaya, wani abu ne dabam. Naki da saura. Ki riƙa rubutawa a takarda ma kafin a gano."

Ba zan iya sa mata gyaran ita kaɗai ba, don wayar aikin a kulle take, ba ta karɓar sabon abu sai daga masu manhajar. Hanya ɗaya ce, in aika. Maimakon haka na zauna na rubuta rahoton matsalar, na tsara shi tsaf, na bayyana yadda take wahalar da ma'aikatan ƙauye, don a sa ta a layin masu tsoka. Wahalar Yayata na yi talla da ita. Gyaran kuwa na rufe shi a kwamfutar da ta saya mini.

Na ce wa kaina sati shida ba shekara ba ce. Na ce ai in kuɗin ya zo ita zan fara yi wa alheri. Mai son abu ba ya rasa hujja.

Damina ce, hadari kullum, faranti mai kama rana na asibitinsu ba ya cika batir. Abin ya sake faruwa, ya kuma sake. A sati na uku aka kira ta ofis. A allonsu kwanakinta fayau suke, ga shi ta karɓi man moto na kwanakin. Ta dawo gida idonta ja, ta ce da Inna, mahaifiyarmu, "Wai ban je ko'ina ba, isansi kawai nake sha. Na nuna musu kayena da nake rubuta yaran a ciki, shugaban ya ce takarda kowa na iya cika ta a gindin bedi." Ina zaune a wurin da kwanon tuwo a gabana. Na ce, "Allah ya isa." Kuma na ci tuwona.

A sati na biyar aka ce ba za a sabunta kwantiraginta ba. Matar da ta yi shekaru tana ratsa kwari da akwatin allura a baya, wadda iyaye ke ajiye wa fura, aka sallame ta da sunan maƙaryaciya. Kuma kada wani ya yi mini uzuri: ko a ranar ban aika ba. Na ce aikin gama ya gama, saura kwana bakwai, in na aika yanzu an yi biyu babu.

Ranar da aka buɗe biyan tukwicin, tun da hantsi na aika. Kwana biyu aka karɓa. Suka yi ta yabo, wani ma ya rubuta cewa irina ne ke ceton aikin ma'aikatan karkara. Na ji kamar in jefa kwamfutar a rijiya. Haushinsu nake ji, su da suka mai da gayya kasuwa sannan suke tafa wa wanda ya fi iya ɓoyo. Amma dandalin cike yake ranar, gyara na ta zubowa daga ko'ina, kuma na san kowane ɗaya akwai wanda ya jira shi kamar yadda Yaya ta jira nawa. Na rubuta wa ofishin su Yaya bayani cewa laifin manhaja ne. Suka amsa da ladabi cewa an riga an ba wata gurbin.

Da tukwicin ya zo na je kasuwa na zaɓo turmin atamfa mai kyau, na kawo mata da la'asar tana tsince wake a tsakar gida. Inna sai sa albarka take yi, tana cewa yaronta ya gano maganin cutar da ta gagari Turawa. Yaya ta buɗe ledar, ta shafa zanen, har ta yi murmushi, na farko a kwanakin nan.

"Sannu, auta. Ka sha wuya. Kwana nawa ya ɗauke ka?"

Bakina ya riga hankalina, don yabo ya riga ya hau mini kai. "Haba Yaya, wane kwana? Tsakanin azahar da la'asar na gama shi."

Hannunta ya tsaya a kan zanen. "Azahar ta wace rana?"

Inna ta dube ni, ta dube ta.

"Ranar da ka yi kuwwa a zaure," in ji Yaya. Ba tambaya ta yi ba. "Na ce an dace, ka ce wani abu ne dabam."

Na fara bayanin shela da sati shida da ƙa'idar masu tallafi. Ta saurare ni har na ƙare, ba ta katse ni ba. Da ma ta zage ni. Sai ta ninke turmin yadda ya zo, ta mai da shi cikin ledarsa, ta ɗaure bakin, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ajiye shi, auta," ta ce. "Ka iya ajiya. Wataƙila nan gaba kuɗinsa ya tashi."

Ta ja farantin wakenta ta ci gaba da tsinta.