Goggo Hajo Ta Karɓi Gadi

Wata safiyar Litinin ce cikin damina, shekarar da Baba ya sayi wayar salula yana saƙale ta a ƙugu kamar laya. Muna haya a Nyanya. Na shirya tsaf, Baba na cikin motarsa 'yar Beljiyam yana ta danna hon, don in cunkoso ya riga mu hawa titi sai ya isa ma'aikata rana tsaka. Ƙanena Sadik kuwa, ɗan aji ɗaya, yana tsaye tsakar gida da takalmi ƙafa ɗaya. Aka leƙa ƙarƙashin gado, aka zazzage kwandon wanki, can Mama ta tsamo ɗayan daga durom ɗin da mai ruwa ya cika mana jiya. Ba ranar ya fara ba. Ya taɓa ɓoye takalmin a buhun gawayi, ya ɓoye a bayan janareta, in an gano kuma sai ciwon ciki ya taso. An yi lallashi, an yi bulala, an karɓo rubutu ya sha. Ranar Baba ya ce ya gaji, ƙarshen wata zai kai shi Zariya wajen Kawu ya yi karatu a can. Na shige bayi na sha kuka, don kwano ɗaya muke ci, kuma ni nake yi masa wanka.

A lokacin Goggo Hajo, yayar Baba, tana zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Zoɓo take dafawa, mu ƙulla a leda mu kai shagon bakin layi. Goggo ba ta yarda mutum na yin abu haka kawai ba. Maƙwabcinmu ya sayo janareta mai ƙarar tsiya, ta ce, "Wannan a duhu ya tashi, har yau tsoronsa yake ji." Matar da ke zazzaga masifa a bakin famfo kuwa, "Ba da ku take ba, wanda take yi da shi bai kwana gida ba." Mama takan yi dariya ta ce, "Kai Yaya, ke kowa sai kin leƙa cikinsa!" Ba kullum take dacewa ba fa. Akwai saurayin da ta rantse kunya ce ke hana shi amsa gaisuwa, ashe bawan Allah kunnensa ne ba ya ji.

Ta ce wa Baba, "Yusufa, bar min yaron 'yan kwanaki." Ba ta tambayi Sadik komai ba, ido kawai ta sa masa. Sai ta ga in an bar shi a gida ba ya ƙwallo, ba ya kallon talabijin. Bulo yake samu a bakin get ya zauna yana fuskantar titi, da ya ji ƙarar babbar mota sai ya miƙe zumbur. Muna ƙullin zoɓo ta tambaye ni yaushe abin ya fara. Na ce tun tashin su Cinedu, abokinsa na layin bayanmu. Masu rusau ne suka zo da katafila muna makaranta, yara suka dawo da jakunkuna a baya suka tarar da katifu da tukwane a kan ɓaraguzai, uwar Cinedu na zaune a ƙasa. Sadik na cikinsu, har ya taya su tsintar cokula. Goggo ta ajiye leda ta ce, "Wayyo ɗan nan! Gadi yake yi mana."

Da yamma ta kira shi ta ce, "Sadiku, daga gobe ni ce mai gadi. Ka je makaranta, in ka dawo ka karɓe ni." Washegari ta jawo kujerarta da kular zoɓo zuwa bakin get. Sadik ya shiga mota da ƙafarsa, yana leƙenta ta gilashin baya har muka sha kwana. Haka ta riƙa zama har aka yi hutu, in ana ruwa ta buɗe lema, ga ciwon gwiwa. Baba bai sake ambaton Zariya ba. Wata Asabar ma ya kai shi Mararaba ya ga ɗakin da su Cinedu suka kama.

Yau rubuta labarai ne sana'ata. Duk sanda na sa wani ya fusata ko ya bar gari don kawai labari ya ci gaba, sai in ji muryarta tana cewa, "To me ya same shi kafin nan?" Dole in koma baya in nemo, in ban samu ba in goge shafin. Goggo ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Yanzu in ɗana ya tashi da rigima, hannuna kan waya yake fara zuwa neman bayani, sai in ji kewarta ta kama ni, in ajiye in zauna in kalle shi. Sadik ya zama magidanci a Gwagwalada, ya ce shi bai ma tuna ba. Ni na tuna, domin albarkacinta ƙanena a gabana ya girma.