Kalaba ko Lome: Inda Mama Za Ta Zauna

Mun tashi da asuba daga tashar Sabon Gari, ni da Mama, ana yayyafi. Wadda nake kira Mama ba ita ta haife ni ba. Aminiyar marigayiya innata ce, Kirista 'yar wajen Zariya, tsohuwar malamar firamare wadda ta koyar da rabin yaran layinmu na Fagge karatu, har da ni. Bara maigidanta ya rasu, ta rage ita kaɗai a gida da ciwon gwiwa. 'Ya'yanta biyu ne, kowa a bakin teku: macen tana aikin jinya a Kalaba, namijin yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Lome, a ƙasar Togo. Kowa ya ce ta tattara ta koma wajensa. Ita kuwa ta ce ba za ta sayi gari a cikin buhu ba, sai ta je ta ɗanɗana iskar kowanne. Da yake ina zuwa Kwatano da Lome sarin atamfa, ni aka ɗora wa rakiya.

Daga Kano zuwa Jos hanya ba laifi. Daga Akwanga ne mota ta fara rawa, direba yana kauce wa rami yana faɗawa wani. Mama tana gidan gaba don ta samu miƙe ƙafa, kuma duk garin da muka wuce sai ta gaya wa direba abin da ake nomawa a can, kamar tana gaban aji. A Makurɗi muka kwana. Doya a can tuli-tuli a gefen titi, ga araha har mutum ya riƙa jin kunyar neman ragi. Muka ci soyayyiyarta da yaji, washegari muka nausa kudu.

Tun daga Ogoja ruwa ya tare mu, kuma ban ce ya sake mu ba har muka bar Kalaba. Mu a Kano hadari yakan yi sallama: gabas ta yi baƙi, iska ta taso, mata su kwashe shanya. A can babu wannan ladabin. Kana cikin magana sai ka ji shi a ka. Daji kore shar har bakin kwalta, ayaba da kwakwar manja ko'ina, ƙasa ja jajir.

Kalaba gari ne mai tsabta da natsuwa, kan tudu, ga kogi shimfiɗe a ƙasa yana gangarawa teku. Rana ba ta cizo irin tamu, amma iskar tana da nauyi, kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo. Ka yi wanka, kafin ka gama sa kaya gumi ya sake yi maka wani. Na wanke zanena ran da muka sauka, sai da aka bi shi da dutsen guga ya yarda ya bushe. Gishiri a kwano ya zama ruwa, takalmina na fata ya yi furfura a ƙarƙashin gado. Albasa da tumatir tsada kamar magani, kifi kuwa da ganye sai wanda ka zaɓa. Sun yi mana miyar ganye mai kauri da busasshen kifi da wasu ƙananan dodon koɗi da ake tsotsa. Na tsotsi ɗaya don kara, na koma kan kifi. Da kewar gida ta taso mini sai na je Bogobiri, unguwar Hausawa, na sayo tsire wajen wani Basakkwace da ya ce shi ma har yau ƙashinsa bai saba da damshin garin ba.

Gidan 'yar Mama cike yake da hayaniya. Tagwaye gare ta, sun fara tafiya, ga wata babba 'yar firamare da ta maƙale wa kakarta tun daga ƙofa. Kullum da yamma Mama tana zaune a baranda da yarinyar, tana gyara mata rubutu. Amma gwiwa ta kumbura. Da safe sai mun kama ta mu biyu take miƙewa. Ran Lahadi kuma, za su tafi coci, ta taka matakalar ƙofa da gansakuka ya lulluɓe, santsi ya kwashe ta. Allah ya taƙaita, ba karaya, sai targaɗe a hannu.

Da yamma 'yar Mama ta ja ni kicin, idonta ya yi ja.

"Yaya, don Allah ki lallashe ta ta zauna wajen ɗan'uwana," in ji ta. "Ina son ta kusa da ni, Allah ya sani. Amma aikina ke nan, na san abin da damshin nan yake yi wa tsofaffi. Kar son kaina ya gurgunta ta."

Na ce mata za mu gani. Ban gaya wa Mama ba.

Daga Kalaba jirgin sama muka hau zuwa Legas, don Mama ba za ta iya wannan doguwar hanya ba. Daga nan muka shiga mota ta Badagiri, muka tsallaka iyakar Seme. Shingayen hanya ba sa ƙirguwa, kowanne da nasa salon gaisuwar. Furfurar Mama ta yi mana rana, don ko mai ɗaure fuska in ya leƙo ya gan ta da hannu a naɗe sai ya ce a wuce. Muka ratsa Kwatano da tarin baburanta, muka bi gefen teku har Lome.

Abin mamaki, teku ɗaya ce, wata ɗaya ne na Agusta, amma kamar an canza duniya. Lome a bushe muka same ta. Sama da ɗan lumshi, ruwa kuwa babu, sai iska mai sanyi da take busowa daga teku tun hantsi har dare. Titi yana bin gaɓa, ga farin yashi, ga bishiyoyin kwakwa a jere, masunta suna jan koma suna waƙa. Shanya kafin la'asar ta bushe. An ce mana kada mu ruɗu, wajen Maris zafi yakan yi tsanani, kuma suna da nasu watannin ruwan. Iskar ma tana da nata sharrin, don gishirin da ke cikinta yana cin ƙarfe. Ƙofar gidan ɗan Mama sabuwa ce amma ta yi tsatsa, ruwan rijiyarsu kuma zartsi ne, sabulu ba ya kumfa. Tuwon masararsu mai ɗan tsami da soyayyen kifi da barkono ya karɓe ni sosai. Kaya a kasuwa ba tsada a kuɗinsu, sai dai in ka juya sefa zuwa naira ne gabanka yake faɗuwa.

Ba mu daɗe ba kumburin gwiwar Mama ya saɓe. Da ƙafarta ta taka har bakin ruwa, ta cire takalmi, igiyar ruwa ta zo ta jiƙa mata zane, tana dariya kamar yarinya. Na ce a raina magana ta ƙare.

Sai dai gidan shiru. Ɗan yana fita tun duku-duku, ba ya dawowa sai bayan isha. Matarsa mutuniyar kirki ce, tana durƙusawa ta gaishe ta, tana dafa mata duk abin da ta nuna, amma Faransanci take ji da yarensu, Mama kuwa Hausa da Turanci. Hirarsu ba ta wuce murmushi. Ba su samu haihuwa ba tukuna. Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar da Mama a tsakar gida tana kallon bango, rediyo yana ta magana da harshen da ba ta ji. Da ɗan ya raka mu tasha, ya rage murya ya ce mini, "Anti, jikinta ya fi son nan, na gani. Amma ni ba na zama. Ki ba ta shawara tsakaninki da Allah." Shi ma na ce za mu gani.

Muka dawo ta Legas, muka hau babbar mota zuwa Kano. Sai da gari ya waye muna wuce Zariya, inda aka binne maigidan Mama, ta daɗe tana kallon taga, sannan ta dafa hannuna.

"'Yar nan, na san abin da kowannensu ya gaya miki. Ni na haife su. Kalaba zan tafi."

Na ce, "Mama, gwiwar fa?"

Ta ce, "Gwiwa in ta yi ciwo akwai man zafi. Shiru kuwa da me ake shafa shi?"

Muka sauka a Sabon Gari da hantsi, na kai ta gida, na tari adaidaita sahu ta mahaɗar Bata zuwa Fagge. Cunkoso da ƙarar hon da ihun 'yan dako ba su taɓa yi mini daɗi kamar ranar ba.

Masu tambayata wanne ya fi daɗin zama, in iska da lafiyar jiki ake nufi, Lome na zaɓa, ba na ko tantama. Kalaba ta fi kyan gani da albarkar ƙasa, amma sai mai ƙashin jure damshi. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, ba fata kaɗai ke auna gari ba, kuma wanda zai zauna shi ya san ciwon da zai iya ɗauka.

Bayan damina Mama za ta tashi zuwa Kalaba. Jiya na bi ta layinsu na tarar ta fito da baƙin allon da take koya wa yaran maƙwabta karatu da yamma, ta jingina shi a ƙofa tana neman mai so. Na ce kada ta ba kowa. Na ɗora shi a adaidaita na kawo gida, ko da yake har yanzu ban san inda zan rataye shi ba.