Wata Ukun Da Suka Ci Shekara Shida

A shekarar 2009 ne kamfanin gine-ginen da Sabri Abdul'aɗi yake yi wa aiki a Sharja ya daina biyan albashi a kan kari. A da, ashirin da takwas ga wata ba ta wucewa sai kuɗi sun shiga. Daga baya ta koma biyar ga sabon wata, ta koma ashirin, har aka wayi gari ba mai tambayar rana, sai dai wata.

Sabri baƙo ne a ƙasar, mutumin garin Damanhur ne. Shekara goma sha huɗu yana riƙe da makullin siton kamfanin, ko ƙusa ɗaya ba a taɓa nema an rasa a hannunsa ba. Su huɗu suke kwana a ɗaki guda, kalacinsa wake da gurasa, rabin albashinsa kuwa gida yake tafiya wurin matarsa Nawal da 'yarsu tilo, Shaima.

Katin bashi bai je nemansa ba, har bakin sito wani dillalin banki ya kawo masa. A cikin takardun da ya shimfiɗa masa akwai cak guda wanda ba a rubuta komai a kansa ba.

"Wannan fa?" in ji Sabri.

"Al'ada ce kawai, Alhaji. A aljihun tebur zai tsufa. Kowa sa hannu yake yi."

Sabri ya sa hannu. Shekara biyu katin yana yi masa rana, yana kuma biya a kan lokaci. Da aka sa ranar auren Shaima, da shi ya saya mata firiji da injin wanki da tukwane, na dirhami dubu tara, ya aika ta jirgin ruwa. Bayan wata biyu albashi ya tsaya.

Abin da Sabri ya sani game da bashi a kantin unguwarsu ya koye shi. Idan wata ya yi nisa, sai ka je da ƙafarka, ka gaida mai kanti, ka tambayi ciwon gwiwarsa, ka ce masa sai ƙarshen wata. Wanda ya nuna fuskarsa ba a kiransa macuci. Saboda haka da ranar biya ta wuce, ya goge rigarsa, ya tafi banki ya ba da haƙuri.

"Ba ni ce mai yafewa ba, Baba," in ji ma'aikaciyar da ya tarar. "Na'ura ce take lissafi."

"To, 'yata, ina mai na'urar?"

"Ka kira lambar da ke bayan katin."

Ya fito da ransa fari, a ganinsa ya fita haƙƙinsu. Da ya ba Tajussir labari, wani direba Basudane abokin ɗakinsa, sai da direban ya ajiye kofin shayi don dariya.

"Ka je gaida banki? To, ya amsa? Ya tambayi yara?"

"Kai dai ji da shayinka, sarkin barci. Sun ga ban gudu ba."

"Mutumina, kunya a ido take, banki kuwa ba shi da ido. Ranci ko ɗari uku ka toshe musu baki."

"In ci bashi don in biya bashi? Ba a gidanmu ba."

Aka fara kiransa a waya. Da farko yana amsawa, yana maimaita bayani, amma kullum sabuwar murya ce wadda ba ta san abin da ya faɗa wa ta jiya ba. Ranar da wani ya kira sunansa gatsau ya tambaye shi ko ba a koya masa biyan bashi ba, Sabri ya daina ɗauka. A wata na huɗu aka ba su albashin wata biyu. Bai ko ci abinci ba ya je ya zuba kuɗin wata ukun da ake binsa, ya ninke rasit ya sa a cikin fasfo. Bai san an ɗora tara a kan tara, an ɗora ruwa a kan tarar ba. Bai kuma san tuni an ciro cakin nan daga aljihun tebur, an rubuta masa dubu goma sha biyar, an kai shi asusun da babu komai, ya dawo, an miƙa shi ga 'yan sanda ba.

A filin jirgi ya sani, saura kwana goma ɗaurin aure. Jami'in ya dubi fasfo, ya dubi na'ura, ya ce ya koma gefe. Sabri ya zaro rasit.

"Na biya, ranka ya daɗe. Ga shaida."

"Wannan tsakaninka da banki ne. An hana ka fita ƙasa."

Kwana takwas ya yi a tsare. Tajussir ne ya ajiye nasa fasfon a matsayin jingina kafin a sake shi. Yana fitowa ya kira gida.

"Abu Shaima, me zan ce wa mutane?" in ji Nawal. "An biya kuɗin zaure, an gayyaci jama'a."

"Ki ce aiki ne ya riƙe ni."

"Aikin da ba a biya? Ko yara ba za su yarda ba." Ta ƙara da cewa, "Ka gaya wa ƙaninka ya tsaya mata. Yarinyar nan ba ta ci bashin kowa ba."

Bayan sallar la'asar aka ɗaura auren. Sabri yana zaune a kan buhun siminti, waya a kunne, ya ji muryar ƙaninsa tana faɗin kalmomin da shi ya yi shekara ashirin da uku yana jiran ya faɗa.

Kafin shekara ta ƙare kamfanin ya rufe, takardar zamansa ta mutu. Ba shi da izinin aiki, ba shi da izinin tafiya, kowace safiya kuma tarar zama tana ƙaruwa. Ya koma rubuta wa wani mai sayar da kayan miya lissafi a ɓoye. Ya haɗa takarda ya roƙi banki ya karɓi dubu goma sha biyu a hankali, aka ce dubu arba'in da ɗaya ake binsa. Fasfon Tajussir ya yi wata goma sha ɗaya a hannun hukuma, ya rasa hutunsa na shekara. Da ya karɓo shi bai yi gori ba, ya dai canza ɗaki. A shekara ta uku mahaifiyar Sabri ta rasu, aka gaya masa bayan an dawo daga maƙabarta.

A 2015 mutanen Damanhur da ke Sharja suka yi masa karo-karo a ƙofar masallacin Juma'a. Bankin, wanda ya gaji da bin bashin, ya amince ya rufe maganar a kan dubu goma sha biyu. Aka ɗage masa hanin fita, ya koma gida.

Yau Sabri yana da shekara sittin da huɗu. Yana kula da kaya a shagon fentin surukinsa, mutumin da bai taɓa gani ido da ido ba sai da auren ya shekara shida. Shaima tana gaishe shi da ladabi, ba ta daɗewa. Idan wata matsala ta taso mata, gidan ƙaninsa take nufa. Kuɗin sallamarsa na shekara goma sha huɗu har yanzu ba a biya shi ba.