Kiɗan da Na Tsinto a Hanyar Maje

Shekarun baya, lokacin da gwamnati ta taso daga Legas ta dawo Abuja, Suleja ta cika ta batse da baƙi, ni ma sai na samu abin yi. Gangunan Turawa nake kaɗawa a wata ƙaramar ƙungiyar kiɗa da ke zagaya otal-otal a ƙarshen mako. Na san waɗanda suka san ni yanzu da furfura da carbi za su yi dariya, amma akwai lokacin da nake tara suma ina yawo da sanduna biyu a aljihun baya, ina jin duk garin babu kamata.

Kiɗan rawa na hailaif muke yi wa mutane su taka, amma ba shi raina yake so ba. Abin da raina yake so yana cikin wani kaset da yayana ya kawo gida. Direban wani Bature ne injiniya a Abuja, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa kwalin tarkace, a ciki na tsinci kaset ɗin. Kiɗan metal ne, kuma mafi tsananinsa. Mawaƙin yana gurnani kamar an shaƙe bijimi, jita tana ƙara kamar injin niƙa. Ranar da mahaifiyata ta fara ji, cewa ta yi in kai rediyon wajen mai gyara. Ni kuwa makaɗin kawai nake saurare, musamman inda baiti ya ƙare ya bar ɗan gurbi, shi kuma ya cike gurbin da gudu a kan gangunansa kafin a shiga na gaba. Makaɗan otal suna ce wa wannan rolin.

Na kwaikwayi rolin ɗin mutumin nan har kaset ya fara tauna kansa. Daga baya kwaikwayon ya ishe ni, na ce sai na ƙirƙiri nawa. Nan na zama mafaraucin sauti. Idan matan gidanmu na unguwar Kwamba suna lugude, sai in tsaya a bakin rijiya ina bin taɓaren da yatsu. Na zauna wajen maƙera har suka zaci sana'ar na zo koya. Keken ɗinki, ruwan sama a kan kwano, mai yankan farce da almakashinsa, babu wanda ya tsira. Duk abin da na ji sai in kai ɗaki in buga a kan katifa, in ƙara masa gudu har ya zama metal. A ganina sauti ba shi da mai shi, wanda ya ji ya ɗauka nasa ne.

Wata rana da hantsi mahaifiyata ta aike ni sayen doya wajen Maje. Ina kan keke sai na ji ganguna daga bayan gonakin dawa. Kiɗa ne mai nauyi, a hankali yake tafiya, sai ya yi kamar ya yi tuntuɓe, ya yi shiru kaɗan, sannan ya dawo. Wannan tuntuɓen ne ya kama ni. Na jingina keke na tsaya har ya zauna mini a kai. Manoma suna ta wucewa muna gaisawa, ko ɗaya ban tambaya kiɗan mene ne ba. Da na koma gida na ninka gudunsa, na raba shi tsakanin hannu da ƙafa, ya fito da wani irin kyau da ban taɓa yin kamarsa ba. Saboda tsabar son a yabe ni, na ɓoye shi ko a wajen gwaji ban buga ba, ina jiran ranar taro.

Ranar ta zo ta hannun abokina, mai jita kuma shugaban ƙungiyarmu. Ɗan ƙabilar Gbagyi ne daga yankin Maje ɗin nan, ƙanwarsa za a aurar. Mahaifinsu ya rasu kafin in shiga ƙungiyar, kuma mahaifiyarsa ba ta son makaɗan birni a bikin, ta fi son na ƙauye. Ya daɗe yana lallashinta, ya ce mata yaransa masu hankali ne, shi ya tsaya mana. Ni ma ya ja ni gefe ya gargaɗe ni kada in kawo haukar kaset ɗina. Na yi ta magiya har ya yarda ya ba ni gurbi ɗaya a waƙar ƙarshe, wadda za a fito da amarya a kai ta mota.

Biki ya yi daɗi. An kafa rumfa a ƙofar gidansu a ƙauye, janareto yana aiki, tsofaffin da suka fara da harararmu har sun tashi suna takawa. Da la'asar ta yi aka fito da amarya, mahaifiyarta tana riƙe da hannunta, motar dangin ango tana jira. Abokina ya waiwayo ya ɗaga mini gira. Na rufe ido na saki abina, ban tsaya a gurbin da aka ba ni ba ma, na maimaita na sake maimaitawa, ina jiran tafi.

Da na buɗe ido babu mai rawa. Jita ta yi shiru. Wani dattijo ya cire hularsa ya riƙe. Mahaifiyar amarya ta ɗora hannu ɗaya a ka, ɗayan ta ƙanƙame 'yarta da shi, ta fara wani kuka mai tsawo. Abokina ya zo ya riƙe sandunan da ke hannuna.

"Abeg, ka tsaya haka," ya ce. "Ka san abin da ka kaɗa? Da shi muke raka gawa."

Duk gudun da na ƙara masa bai ɓoye shi ba. Tuntuɓen nan da ya burge ni shi ne alamar, duk wanda ya tashi a wajen ya san shi. Ni kuma na buga shi daidai lokacin da yarinya take ƙetare ƙofar gidansu. Uwar ta ja 'yarta ta koma ciki, ta ce babu inda za ta a ranar. An yi roƙo, malamin majami'arsu ya yi magana, dattawa sun sa baki, ta ƙi. Dangin ango suka koma da mota babu amarya. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba. Ina kwance ganguna ina jin idon mutane a ƙeyata, kuma babu wanda ya zage ni, wanda da an zage ni ɗin da ya fi mini sauƙi. 

Na kwana biyu ban fita ba. Da na gaya wa mahaifiyata, ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ni ko da na je sayen doyar an ɗinke mini baki ne. Sannan ta ƙulla goro ta ce in je da ƙafata in ba da haƙuri, kada in aiki kowa.

Na tarar da tsohuwar tana ɓarar gyaɗa a inuwa. Na durƙusa na ce, "Mama, wallahi ban sani ba. A hanya na ji, ya yi mini daɗi, na ɗauka."

Ta ajiye gyaɗar. Ta tambaye ni wa ya koya mini, na ce babu kowa. Ta ce ai ta gane, don babu wanda zai koya mini haka.

"Ɗana, mu a hankali muke kaɗa shi," ta ce. "Ba ma son mutum ya yi saurin tafiya. Kai kuma ka zo kana kora mini yarinya da gudu."

Ta karɓi goron, ta sa aka kawo mini ruwa. Bayan 'yan kwanaki aka kai amarya shiru, ba kiɗa ba taro. Abokina ya daɗe kafin ya sake mini fuska, kuma har ƙungiyar ta watse mahaifiyarsa ba ta ƙara barin ya kawo mu ƙauyen ba. Amanar da ya ɗauko ya ba ni ke nan na yi wasa da ita don neman tafi.

Ban daina farautar sauti ba sai da na daina kiɗan gaba ɗaya, amma daga ranar na koyi tsayawa in yi sallama in tambaya. Samari masu kiɗa sukan tambaye ni inda ake samo sabon rolin, nakan ce musu ko'ina, sai dai kowane kiɗa akwai waɗanda yake yi wa magana ko da kai ba ka ji.

Tsohuwar ta rasu tuntuni. Amaryar nan yanzu har jikoki gare ta, kuma ni Musulmi ne, na san ganga ba ta kashe kowa. Duk da haka, in na ji an ce ba ta da lafiya, ko zazzaɓi ne, sai gabana ya faɗi. Abokina ya gane ni sarai. Duk lokacin da na kira shi, kafin in gama gaisuwa yake tare ni da dariya: "Tana nan da ranta, makaɗi. Yanzu tambayi lafiyata."