Sawun Zabuwa a Ƙasan Takalmi

A shekarun da motocin gyaɗa suka fara yawaita a hanyarmu, kafin a sami mulkin kai, na rage ɗinkin fata na koma yanka takalman taya a kasuwar Kiru. Direbobi kan bar mini tayar da ta suɗe, in yanka in sa maɗauri. Aibinta ɗaya, santsi da damina. Sai na riƙa tsaga ƙasan takalmin da wuƙa, uku-uku kamar sawun zabuwa, in ja doguwar tsaga ta tsakiya don ruwa ya sami hanya. Makiyaya suka so shi, in sun zo sai su ce a ba su mai zabuwa.

Wata ranar kasuwa wani baduku daga Tudun Wada ya baza kayansa kusa da 'yan goro, ƙasan takalmansa irin nawa sak. Raina ya sosu, na kai ƙara wurin sarkin dukawa, tsoho ne da idonsa ya fara rauni.

Na ce, "Baba, zanen nan ni na ƙago shi."

Baƙon ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, wata mota ce ta kafe a hanyar Burumburum, na ga sawunta a laka na kwaikwaya."

Tsohon ya sa aka kwaɓa ƙasa, muka dangwala takalman biyu, ya bi sawun da yatsa. Sannan ya ja mu tasha, ya yi ta shafa tayoyin motocin da ke lodi har ya dace da mai tsaga uku-uku. Na daɗe ina kallonta. Mai yiwuwa na taɓa ganinta na manta.

Ya ce, "Sawun zabuwa ba na ɗayanku ba ne. Amma doguwar tsagar nan babu ita a mota." Ya juya wajen baƙon. "Kai a ina ka samo ta?"

Baƙon ya ce a takalmin wani makiyayi ya gani.

Aka yanke cewa kowa ya yi zabuwarsa, doguwar tsaga kuwa sai da izinina. Da kasuwa ta zagayo baƙon ya zo da goro ya roƙa, na ba shi. Daga baya ma rumfa ɗaya muka riƙa zama. Shi ya koya mini jiƙa wuƙa kafin yankan taya, muna tare har shekarar da ya koma Doguwa ya kama noma.